Saifar Mahaucin Dayi

Wata mata aka kawo mini daga Dandume da hantsi, ita da mijinta da ƙanwar mijin, kowa ido ya yi ja. A wani sabon shagon hoton ciki aka gaya musu wai akwai ƙatuwar jakar ruwa a saifarta, sai an yi aiki. Tun kafin su baro gida har ta bi dangi ta nemi gafara. Na kwantar da ita, na shafa mai, na ɗora kan na'ura a haƙarƙarinta na hagu. Ga abin nan kuwa, baƙi, zagayayye, jingine da saifa. Sai dai da na tsayar da hannuna na ƙura wa allo ido, na ga cikinsa yana juyawa a hankali, wasu 'yan ƙwayoyi suna hawa suna sauka. Na ce, "Hajiya, me kika ci da safe?" Ta rantse ba ta ci komai ba. Ƙanwar mijin ce ta ce sai dai kunun tsamiya da ta sha kafin su hau mota, shi kuwa ai ba ci ba ne. Tumbinta ne cike da kunu. Na ce su je su zauna a inuwa, kada ta sa komai a baki, su dawo bayan azahar. Da suka dawo jakar ruwa ta bi hanyar da kunu yake bi, saifa kuwa lafiyarta ƙalau.

Da wannan nake fara muku, ku samarin da kuke zuwa kuna leƙa ɗakina kuna cewa aikin nan ai shafa mai ne da goga. Kun je kwas na 'yan watanni, an nuna muku kan jariri da ƙashin cinyarsa, kun dawo kuna neman shago da allon talla. Ba na hana ku nema, kowa da rabonsa. Amma na'urar nan ba ta faɗin komai, inuwa kawai take nunawa, baƙi da fari da toka-toka. Mutumin da ke riƙe da ita shi ne zai ce wannan kunu ne, wannan kuma ciwo ne, kuma a kan maganarsa ake yanka mutum ko a sallame shi ya koma gona.

Ni a ɗakin duhu na fara, a wani asibiti a Funtua, zamanin da hoton ƙashi da na ƙirji kaɗai muke da su. Aikina in karɓi fim, in tsoma a ruwan magani, in ɗauraye, in rataye ya bushe, duk cikin duhu da warin da ke bin mutum har gida. Shugabata wata Bayarbiya ce haifaffiyar Funtua, iyayenta 'yan kasuwa ne da suka zo daga kudu tun ba a haife ni ba. Kowa Iya Hoto yake ce mata, har limamin unguwarmu, ko da yake ita coci take zuwa. Hausarta ta fi tawa, zaginta ma ya fi nawa gishiri. In na fito da fim ya yi duhu da yawa, sai ta ɗaga shi sama ta kira masu jiran layi su zo su ga hoton dare da Lawal ya ɗauko. Na sha kunya a hannunta ba kaɗan ba, kuma duk abin da nake ci da shi yau a hannunta na same shi. Allah ya saka mata da alheri.

Da aka kawo injin sikanin na farko, wato na hoton ciki, ita aka tura ta koyo. Ta dawo ta ce abin da aka koya mata bai isa a taɓa mara lafiya da shi ba, sai ta ga na masu lafiya ta ƙoshi tukuna. A cikina ta ƙarasa koyon aikin. Kullum in an tashi sai in kwanta, ta yi ta goga tana duba littafi tana tsaki. Da ta ga dama ta fara miƙo mini kan na'urar, ni kuma na koya a cikin masinja da mai gadi da direban motar asibiti. Babu ma'aikacin da ban san saifarsa ba. Ta mai gadi ta sauko har kusa da cibiya saboda zazzaɓin cizon sauro na shekara da shekaru, kuma yana alfahari da ita, in an kawo baƙo shi ne mai fara ɗaga riga.

Saifa ita ce mai wahalar da ɗan koyo. Hanta babba ce, tana gaba, ko ba ka neme ta ba za ta same ka. Saifa kuwa tana can ƙuryar hagu, ta wajen baya, haƙarƙari ya rufe ta. Sai ka kwantar da mutum a gefen damansa, ya ɗaga hannun hagu bisa kai, ka kwantar da kan na'ura a tsakanin ƙashi da ƙashi, ka bi yadda suka karkata. In ka gitta, ƙashi zai jefa maka inuwa ya raba hoton biyu. Ɗan koyo kullum cewa yake yi a ja numfashi sosai, don haka aka koya masa a hanta. Yana faɗa huhu zai sauko kamar labule ya rufe komai, ya bar shi yana lalube. Iya takan bar ni in yi ta gumi, sannan ta ce wa mara lafiya, "Baba, saki numfashin kaɗan," sai ga saifa ta bayyana sumul.

Dokokinta ba su da yawa. Kada ka yarda da abin da ka gani ta gefe ɗaya, sai ka gan shi ta wani gefen. In ka ga ruwa, juya mara lafiya ka ga yadda ruwan zai yi. Ka tabbata daga ina abin ya fito, don ƙoda da tumbi da saifa maƙwabtan juna ne, kayan wannan yakan jingina a katangar wancan. Sannan kada ka juya wa mara lafiya allo, kada kuma ka raɗa wa ciwonsa suna. Kai mai gani ne, ka rubuta abin da ka gani, likita ne mai faɗa.

Mutanenmu kuwa Likita suke ce mini tun ina wanke fim, na gaji da gyarawa na bari. Manoma ne mafi yawa, kuma da kaka suke zuwa, in masara ta shiga rumbu an kai auduga ma'auna. Ciwon da mutum ya yi ta daurewa da shi tun shuka, ranar zai kawo maka shi. Wani yana ganin yin hoton kaɗai ma magani ne. Akwai wani tsoho daga wajen Musawa da ya hana ni goge masa man da na shafa, ya ce a bar shi ya ratsa, ya sauke rigarsa a kai ya tafi, da ya dawo kuma ya ce ya ji sauƙi ƙwarai. Masu noman rani da ke wuni cikin ruwa sukan zo da saifa ƙatuwa saboda tsargiya. Masu sikila kuwa in sun girma sai ka neme ta ka rasa, ta tsuke ta zama 'yar mitsitsiya. Duk wannan sai ka ga ɗaruruwan cikkuna kafin idonka ya zauna.

Jakar ruwa a saifa ba kullum ake ganinta ba, sai ka shekara ba ka haɗu da ita ba. In ka haɗu da ita kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai tsabta, cikinta baƙi wuluk, bangonta siriri, bayanta ya yi haske. Irin wannan galibi da ita aka haifi mutum, ana neman wani abu ne a ci karo da ita, in ƙarama ce likita yakan ce a bar ta ana dubawa. Akwai wadda tsohon rauni ya bari. Ka tambayi mutum zai ce bai taɓa buguwa ba, sai matarsa ta tuna masa shekarar da ya faɗi a babur, ko ranar da san huɗa ya tunkuye shi. Jinin da ya taru ne ya narke, cikinta da dauɗa-dauɗa, wani lokaci bangon ya yi tauri yana ƙyalli. Akwai ƙurji mai mugunya, shi da zazzaɓi yake zuwa, kana ɗora hannu mutum zai zabura. Akwai kuma wata da Iya ta nuna mini a littafi kawai, ta ce ita ma sau ɗaya ta taɓa ganinta, a hantar wani makiyayi. Ta sa yatsa a hoton ta ce in riƙe shi a kaina ko da ba zan taɓa haɗuwa da ita ba.

Na haɗu da ita a shekarar da ta fi kowace wuya a aikina. Lokacin Iya ta yi ritaya, ni kuma na koma wani ƙaramin asibiti a Malumfashi. Shekarar ce hanyoyi suka lalace da rashin tsaro, gonakin nesa suka kwana ba a noma ba, mutane ba sa fitowa sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Mai asibitin, wanda shi ne likitanmu, daga Funtua yake zuwa, ya koma sai ranar da hanya ta yi kyau. Layin waya ya ɗauke, ba ka da halin ka kira kowa. Man da muke shafawa ya ƙare, mai kawo shi ya daina zuwa. Na koma dama sitacin masara da asuba kamar mai koko, in tace, in bari ya huce, in ɗura a kwalba, kullum sabo don in ya kwana tsami yake yi. Nas-nas suna tsokanata wai saura ƙosai. Ya yi aiki kuwa, hoto yana fita tas. Kan na'urar kuma ya faɗi ya tsage, ya bar wani baƙin layi daga saman allo har ƙasa. Babu inda za a samo wani, sai na koyi zame hannu yadda layin zai faɗa gefe ya bar mini abin da nake nema.

Ana sauran 'yan kwanaki Babbar Sallah mutum biyu suka shigo daga Dayi. Ɗaya tsoho ne siriri da zabirar wanzanci a kafaɗa, sunansa Baba Ilu. Ɗayan ƙaƙƙarfan mutum ne mai kimanin shekara arba'in, Mati, mahauci, yana tafe yana dafe da gefen hagu, ya sha mur kamar an kamo shi da sata. Tsohon ne ya yi magana.

"Likita, wanga yaro ni na yi mashi askin suna, ni na yi mashi kaciya. Kwana da kwanaki yana bina in yi mashi sakiya. Ni ko hannuna bai yarda da kumburin nan ba."

Ku da kuka tashi a gari wataƙila ba ku san sakiya ba. Ƙarfe ne mai tsini, a sa shi a wuta ya yi ja, a huda kumburi da shi mugunya ta fito. Ba zan zagi wanzamai ba. Na ga ƙurajen da suka huda suka warke, na kuma ga waɗanda aka kawo mana bayan an huda abin da bai kamata ba. Na tambayi Baba Ilu me ya gani. Ya ce ƙurji zafi gare shi, yana zuga, wannan kuwa sanyi ƙalau. Ya ce in ya ɗora tafin hannu ya ƙwanƙwasa da yatsa, sai ya ji abin yana karkarwa a ciki kamar farfesun ƙafar sa da ya kwana ya daskare, kuma tunda yake bai taɓa jin irin haka a jikin mutum ba.

Mati ya katse shi. "Ni dai ku yi sauri. Ruwa ne, kowa ya taɓa ya san ruwa ne. A huda ya fita in koma bakin aikina. In Baba ba ya yi, akwai wani a Musawa, jibi ranar kasuwa zai yi mani." Na gane damuwarsa. Mahauci da Babbar Sallah kamar manomi ne da ruwan shuka, gidajen da yake yi wa fiɗa duk shekara suna jiransa, ga shi ba ya iya sunkuyawa.

Na tabbatar bai ci komai ba, na kwantar da shi, na shafa sitacina. Ban ma nemi tsakanin ƙashi ba, don abin ya sauko ƙasan haƙarƙari ya turo fata. Jaka ce ƙatuwa, ta kai kan jariri, saifar ta koma 'yar tsirit a gefenta. Bangonta biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. A cikinta kuma ga wasu ƙananan jakunkuna jere a jikin bango, kowace da nata zagayen. Na fara zargin tsagaggen kan na'urata, na zame hannu, na koma ta baya, na duba ta tsakanin ƙashi. Suna nan. Na duba ƙoda, ita daban take. Na duba hanta, babu komai. Na ce ya juya ya kwanta rigingine, ina riƙe da kan na'urar a jikinsa, sai na ga wani farin tsaki-tsaki ya tashi a cikin ruwan yana sauka a hankali. Hoton littafin Iya ne sak. 

Ga abin da ya tsorata ni. Irin wannan jaka gidan tsutsa ce. Kare yana cin kayan cikin dabba mai ɗauke da ita, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashinsa, ya shiga ƙasa da ruwa da hannun mutum. In ya shiga cikin mutum sai ya sami wuri ya yi jaka, ta yi ta girma shekaru ba a sani ba. Muddin tana rufe, da sauƙi. In ta fashe a ciki, ruwanta yakan tayar da jiki nan take, maƙogwaro ya toshe, jini ya faɗi, mutum ya cika kafin a tayar da babur. In ya tsallake wannan, kowane ɗan tsakin nan iri ne, zai iya kama wuri a ciki ya zama sabuwar jaka. Ko a babban asibiti ba a taɓa ta sai an shirya.

Likita ba zai zo ba sai bayan kasuwar Musawa, waya kuma babu. Na ce wa Mati kada ya bari kowa ya huda wurin nan, ko da allura, kuma gobe ya kama hanyar babban asibiti a Zariya. Kafin in rufe baki ya goge cikinsa yana sa riga. Ya ce duk haka muke cewa, shi ya san wanda aka tura Zariya da ƙafarsa aka dawo da shi a kwance. Baba Ilu ya yi masa magana, ya yi kunnen uwar shegu da shi. Na ga in ya fita ƙofar nan a haka, jibi yana Musawa.

Sai na karya dokar Iya, kuma da sanina na karya. Na roƙe shi ya sake kwanciya, na juyo masa da allo.

"Mati, kai mahauci ne. In ka feɗe tsohuwar tunkiya ko raƙumi, ba ka taɓa samun wata farar jaka mai ruwa a hanta ko a huhu ba?"

Ya ce ana samu.

"Yaya kuke yi da ita?"

"Mu yanke wajen mu jefa ma karnuka."

"To dube ta nan. Ita ce wannan. Daga karnukan ta dawo maka."

Ya kalli allon, ya daɗe yana kallo. Na ga ya gane ta, don idon da ya saba da kayan ciki ba ya bukatar a yi masa bayani da yawa. Na fara murna a raina. Sai ya tashi zaune, fuskarsa ta canza.

"Likita, ni ka mai da tunkiya? Gaban Baba za ka ce cutar kare gare ni?"

Ya sa hularsa ya fice, ko sallama babu. Ban yi tunanin wannan ba. A wurinmu ka danganta mutum da kare ba ƙaramin abu ba ne, balle mahauci da mutane ke cin abin da ya taɓa. In maganar ta fita a kasuwar Dayi, wa zai tsaya a teburinsa? Na yi sauri na rubuta abin da na gani, na haɗa da hoton na damƙa wa Baba Ilu. Ya cusa a zabira ya bi shi da sauri, yana kiran sunansa.

Sallah ta zo ta wuce ban ji komai ba. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro na ji, naman layya ma ban ji daɗinsa ba. Da likita ya zo na nuna masa hoton da ya rage a injin, ya yarda da abin da na gani, ya ce Allah ya sa mutumin ya ji magana. Na riƙa zuwa tasha ina tambayar direbobin Dayi. Abin da suka sani kawai shi ne Mati bai yi fiɗa da Sallah ba, ƙanensa ne a teburinsa. Wannan kuwa bai gaya mini komai ba, don mutumin da ke Zariya da mutumin da ke kabari duk ba sa fiɗa.

Sai da masara ta fara bushewa a gona, wata safiya ina tace sitaci, na ji sallamar Baba Ilu. Shi kaɗai ne. Na ajiye kwalbar na tsaya ina kallonsa. Ya zauna a benci, ya sauke zabira, ya gaishe ni da gida da aiki da gajiya ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya ce Mati yana gaishe ni.

Ya ba ni labari. Ranar da suka bar wurina Mati da fushinsa ya isa gida. Washegari da safe ya aiko a kira Baba Ilu mahauta, ya zo da ƙarfensa. Baba Ilu ya tafi yana shirya kalmomin da zai ƙi da su. Ya tarar Mati ya bi kayan cikin duk dabbar da aka yanka a safiyar, yana juyawa yana dubawa, har ya sami hantar wata tsohuwar tunkiya mai irin jakar. Ya ɗora ta a faranti, ya ja Baba Ilu bayan rumfa inda ba kowa, ya ce ya gasa ƙarfe ya yi mata sakiya yadda zai yi masa. Baba Ilu ya gasa ya huda. Ruwan bai bi ta hudar ya fito a hankali yadda mugunya take yi ba. Jakar tsagewa ta yi, ruwa ya yi tsartuwa, ya malale hantar ya cika farantin, da farin tsaki kamar yashi ko'ina. Mati ya tsuguna yana kallo. Can ya ce faranti dai a wanke shi, shi kuwa wa zai wanke masa ciki? Karnuka sun taru suna jira kamar kullum, ya kore su, ya haƙa rami ya binne hantar. Ya kira ƙanensa ya miƙa masa wuƙaƙe, suka nemi mota.

A Zariya an sa shi a babban injin nan da ake tura mutum ciki, an ɗebi jininsa, aka tabbatar da abin da muka gani. Sun ɗora shi a kan ƙwayoyi na makonni don a kashe ƙarfin tsutsar, sannan suka yi aiki suka ciro saifar gaba ɗaya da jakar a jikinta, ba ta fashe ba. Ya dawo gida, yana tafiya da ƙafarsa. An yi masa allurai, an gargaɗe shi ya riƙa kwana cikin gidan sauro, kuma ko zazzaɓi kaɗan ya ji kada ya zauna a gida, tunda saifar da ke tare masa cuta ta tafi. Maganar kare kuwa babu wanda ya ji ta a Dayi, don daga shi sai Baba Ilu, wanzami kuma ya saba riƙe sirrin gidaje.

Na yi hamdala a fili, na sake yi. Na gode wa Allah da ya sa Iya ta ɗora yatsa a wancan hoton, na gode da tsagaggen kan na'urar bai ci amanata ba, na kuma gode wa tsohon nan da ke zaune a gabana, wanda hannunsa ya ji abin da bai sani ba ya tsaya. Na gaya masa haka. Ya dubi injin. Sai ya ce akwai abin da ya kawo shi ban da saƙon gaisuwa. Ya ce daren da za su zo wurina Mati ya matsa masa, ya haɗa shi da Allah da zumuncin iyaye, har shi Baba Ilu ya hura gawayi ya sa ƙarfe a wuta, ya shafa cikin ya zaɓi wuri, sannan ya ce a bari sai an ga hoto.

Ya ɗaga rigarsa, ya ɗora yatsa a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu, ɗan gaba kaɗan.

"Nan na zaɓa. Kai ka ga cikin. Ka gaya mani gaskiya, da na same ta?"

Na dubi inda yatsan yake. Na so in ce masa wataƙila da ya kauce, amma ba a yi wa irinsa ƙarya. Na ce tsakiyarta ke nan, kuma tsakaninta da fata bai kai kaurin yatsan nan nasa ba.

Ya sauke rigar a hankali. Ya buɗe tafin hannunsa na dama yana dubawa.

"Tunda na gaji sana'ar nan wurin ubana ban taɓa kuskuren wuri ba," in ji shi. "Ka ga da yaron da na yi ma askin suna, da gwanintata zan kashe shi."